Gargaɗi ga 'Yan'uwa a kan Tsabtar Jiki domin Majalisin Zikiri

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam daga yumɓu, ya sanya masa ruwa abin tsarkakewa, ya yarje masa ambaton sunansa da bakin da ya ke cin tuwo da shi. Allah shi yi daɗin tsira da aminci ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni bawan nan mai rauni, mai buƙatar gafarar Ubangijinsa, na ce: wannan magana tana cikin littattafan da kuka karanta tun daga Ahalari da Ishmawi har Risala, kuma da ban ɗauki alƙalami a kanta ba, ba domin wani abu da ya auku a zawiyarmu ba, wanda har yau ina jin kunyarsa. Wani bawan Allah ɗan dako ya karɓi wuridi, ya lazimci wazifa tare da mu wata da watanni, sa'an nan muka daina ganinsa. Na aika a tambayo ko lafiya. Ya ce a gaya wa Malam, duk sa'ad da ya zauna a da'ira sai na damansa ya muskuta, na hagunsa ya kai hannun riga ga hanci, ya gane da shi a ke, ya ga gara ya yi wazifarsa a ɗaki. Na kira shi muka keɓe. Ashe ba komi ba ne face haƙori guda da ya ruɓe, da riga guda da ya ke dako da ita ya ke salla da ita. Aka kai shi aka cire haƙorin, aka ɗinka masa riga ta biyu, ya komo. Abin da bai fi aikin kwana uku ba ya raba mutum da jama'a wata huɗu. Laifinmu ya fi nasa, zama shi bai sani ba, mu kuwa mun sani muka toshe hanci muka yi shiru.

Fasali. Ku sani, ya ku 'yan'uwa, tsarkin hadasi da tsarkin jiki da tufa da wuri daga najasa suna cikin sharuɗɗan wuridin nan da muka karɓo daga Shehu Ahmadu Tijjani, Allah shi yarda da shi, wanda ya yi wafati a Fas a 1815. Kun kuma san Jauharatul Kamali ba a karanta ta sai da alwalar ruwa, a wuri mai tsarki da zai ɗauki mutum shida, wanda ya yi taimama kuwa sai ya musanya ta da Salatul Fatihi 20. To wanda aka tsananta wa haka a kan shimfiɗar da ya ke zaune, yaya zai sassauta wa kansa a kan jikin da ya ɗora bisa shimfiɗar? Muna shimfiɗa farin izari a tsakiya domin girmamawa, ba ya kyautuwa a ce izarin kaɗai ne mai tsabta a wurin.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa tsarki mataki huɗu a cikin Ihya'u: na zahirin jiki, sa'an nan na gaɓoɓi daga saɓo, sa'an nan na zuciya daga miyagun halaye, sa'an nan na sirri daga abin da ba Allah ba. Waɗansu muridai da sun ji haka sai su raina na farko domin shi ne na ƙasa. Ni ma na faɗa wannan rami a ƙuruciyata. Na shekara guda ina tafiya da riga mai dauɗa, kaina ba aski, ina tsammani zuhudu ke nan, har wata rana malamina, Allah shi jiƙansa, ya kama wuyan rigar ya ce: ɗana, rigunan salihai faci gare su, ba dauɗa ba, kai kuwa so ka ke a gan ka a ce ga wanda ya saki duniya. Ya ba ni sabulun salo ya ce kada in zo karatu sai na yi wanki. Ran nan na gane riya tana iya ɓuya a cikin tsumma kamar yadda ta ke ɓuya a cikin alkyabba.

Fasali a kan baki, kuma a nan zan daɗe, domin shi ne ƙofar zikiri, mu kuwa mutane ne masu zama gwiwa da gwiwa muna ɗaga murya da hailala, numfashin kowa yana kan fuskar ɗan'uwansa. Ya inganta a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, an kuma faɗi dalili, wato cutar da mutane da mala'iku. Malamai suka yi ƙiyasin duk wani wari mai cutarwa a kan wannan. Wanda ya ke son albasa ya dafa ta, ko ya ci ta bayan an tashi daga majalisi. Taba kuwa ba ni da buƙatar magana a kanta, kun san hukuncinta a ɗariƙa.

Asuwaki mustahabbi ne a wurin alwala, da salla, da karatun Alƙur'ani, da tashi daga barci, da duk sa'ad da baki ya canja. Amma na ga da yawanmu sun mai da shi ado, ana tauna shi a gefen baki ana hira. Yadda a ke yinsa shi ne a bi haƙora ɗaya ɗaya, waje da ciki, har na can ƙurya, a bi inda haƙori ya haɗu da dasashi a hankali, sa'an nan a goge harshe daga ciki zuwa waje. Kada ku manta da harshe. Masana sun tabbatar mafi yawan warin baki daga bakin ya ke tasowa, daga farin abin nan da ke kwanciya a bayan harshe da guntun abinci da ke maƙalewa a tsakanin haƙora, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ke cinsa suna fid da wari. Mutane suna ta shan jiƙo suna cewa daga ciki ne, alhali magani yana ga tsinken sakace. Itacen araki shi ne asali, in babu, ga marke ga darbejiya, in babu ko ɗaya a goge da yatsa. A yanke kan asuwaki in ya tsufa, a wanke shi bayan an gama, kada a jefa shi a aljihu tare da kuɗi da goro, kada kuma mutum biyu su yi tarayya a kan guda. Buroshi da man goge baki, safe da dare, ba su saɓa wa sunna ba, ni kaina ina haɗa su da asuwaki.

Mas'ala. Wanda dasashinsa ke jini in ya goge, sai ya bar gogewa domin tsoro, wannan kuskure ne, zama dauɗar da ta taru ce ta kumbura dasashin. Ya ci gaba da gogewa a hankali. In mako biyu ya wuce jinin bai tsaya ba, ko haƙori ya yi rami, ko yana girgiɗa, ya tafi ga likitan haƙori, domin asuwaki ba ya cike rami. Goro halal ne, ban hana ku ba, ni ma ina ci, amma a kurkure baki bayansa. Mai azumi kuma kada ya fake da falalar da aka ambata game da warin bakinsa, wancan warin wofintar ciki ne, ba na ragowar sahur ba. A mazhabar Imamu Malik ya halatta mai azumi ya yi asuwaki da busasshen itace yini duka, ɗanye ne a ke ƙi.

Fasali a kan gumi da gashi da farce. Asalin wankan Juma'a, kamar yadda aka ruwaito, mutane ne su ke zuwa daga ƙauyukan Madina da tufafin gashi, cikin ƙura da zafi, warinsu ya tashi a masallaci, sai aka umurce su da wanka. A wurinmu sunna ne, kuma a sadar da shi da tafiya masallaci. Amma wanda ke zaune a ƙasar da bazara ke narkar da mutum, ya kuma yini a gona ko a kasuwa, wankan mako bai ishe shi ba, ya yi kullum kafin ya zo wazifa. Gumi shi kansa ba shi da wari sosai, sai ya daɗe a cikin gashin hammata da matsematsi, halittun nan su same shi. Domin haka a cuɗa waɗannan wurare da soso da sabulu, a bushe su. Wanda nasa ya yi ƙarfi ya shafa alimun da aka jiƙa, ko lemon tsami in fatarsa ba ta da rauni. Yadin auduga ya fi yadin roba, domin na roba yana riƙe wari ko an wanke shi. Mahauci da majemi da masunci da ɗan dako, sana'arsu halal ce mai albarka, abin da a ke nema gare su riga guda da za a keɓe domin salla da zikiri. Turare kuwa sunna ne bayan wanka. Wanda ya zuba shi a kan dauɗa ya tara wari biyu.

Ibnu Abi Zaidin ya yi babi a ƙarshen Risala a kan abubuwan fiɗira: kaciya, da rage gashin baki, da yanke farce, da cire gashin hammata, da aske na mara. An ruwaito daga Anas a cikin Muslim cewa an iyakance kada a bar huɗun ƙarshe su wuce kwana 40. Wannan iyaka ce ta ƙarshe, mai hankali ba ya jira ta cika, ya mai da ranar Juma'a ranar duba kansa. Gashin baki a wurin Malik a rage gefensa ne har leɓe ya bayyana, domin kada ya shiga cikin fura. Farce in ya yi tsawo, dauɗar da ke ƙarƙashinsa tana hana ruwan alwala isa, a nan kuma ƙwan tsutsar ciki ke ɓuya.

Tambihi. Kowa ya riƙe rezarsa. Aska ɗaya da ta bi kan mutum goma, ko almakashin mai yankan farce da ke yawo kasuwa, ko wuƙar ƙaho, in ta taɓa jinin mai ciwon hanta ko ƙanjamau tana iya kai shi ga na gaba, mai ciwon kuwa sau da yawa bai san yana da shi ba. Iyayenmu ba su san wannan ba, ba laifi gare su. Mu an sanar da mu. Ka ce wa wanzami ya sa sabuwa a gabanka, kada kunya ta hana ka.

Fasali a kan ƙafa. Da hunturu kaushi da faso su kan addabi mutane, har wani ya kasa tsayuwar dare. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge ta da dutse a hankali, a shafa man kaɗanya tun tana da damshi, a sa safa a kwanta. Kada a yanke kaushi da reza. In an tambaya ko mai yana hana alwala, amsa ita ce, wanda ya narke ya shige fata ba ya hanawa, wanda ya daskare ya yi ɓawo a kanta sai an kawar da shi. Da damina kuma sai cin ruwa a tsakanin yatsu, ya fi kama masu yawan alwala da ke zura jiƙaƙƙiyar ƙafa a takalmin roba. Malik bai ga laifi ga goge gaɓoɓi da ƙyalle bayan alwala ba, to a tsane tsakanin yatsu, akwai kuma man shafawa na wannan a kantin magani. Mai ciwon sukari ya duba tafin ƙafarsa kowace rana da idonsa, domin ƙaya tana iya shiga bai ji ba, rauni kaɗan ya zama gyambo. In an ɗaure masa ciwo ya yi shafa a kan ɗaurin, shari'a ta yarje masa.

Fasali ga masu riƙon almajirai, kuma da kaina na fara. Ƙazuwa ba daga jini ta ke ba, ba kuma daga cin wani abinci ba. Wani ɗan ƙwaro ne da ke haƙa rami a fata, a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, ƙaiƙayinsa ya fi tsanani da dare, yana bin waɗanda ke kwana wuri ɗaya. In an yi wa yaro guda magani aka bar abokan kwanansa, aikin banza aka yi. A shafa wa duka a rana ɗaya, daga wuya har ƙafa, yadda mai magani ya faɗa, a wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi a shanya a rana, abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a buhu mako guda, zama ƙwaron ba ya wuce kwana uku ba tare da jikin mutum ba. Ƙaiƙayi ya kan saura 'yan makonni bayan ƙwaron ya mutu, kada a ce magani bai ci ba. Kwarkwata a ɗinkin tufa ta ke zama, ruwan zafi da guga su ne maganinta. Makero yana bin aska da hula. Yaron da ke fitsarin jini kuwa tsargiya ce ya ɗauko a wankan kududdufi, ba alamar balaga ba ce kamar yadda waɗansu ke faɗi, a kai shi asibiti a ba shi ƙwayarta. Yaran nan amana ce iyayensu suka ba mu. Neman magani kuma ba ya warware tawakkali, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya wallafa risala a kan maganin basir.

Fa'ida a kan tozali. Annabi da ismidi ya yi kwalli, amma dutsen nan mai ƙyalli da a ke sayarwa a kasuwa, da yawansa dalma ce. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri, suka bi sawu suka tarar daga tozalin da aka kai daga Nijeriya ne, da aka auna shi ya haura kashi 80 cikin 100 dalma. Mu kuwa mun ga abin da wannan guba ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu daga ƙurar dutsen zinariya. Ku gaya wa iyalinku kada a sa wa jarirai.

Bayan tsarkin bayan gida a wanke hannu da sabulu, in babu da toka, domin an ruwaito Annabi ya kan goge hannunsa da ƙasa bayan tsarki. Da hannuwan nan mu ke musafaha bayan wazifa, da su mu ke tarayya a akushi ɗaya ranar Maulidi. Kuma al'adar nan ta zagaya da kwano guda kowa ya tsoma hannu a bar ta, na ƙarshe da dauɗar mutum goma ya ke wankewa. A zuba ruwa daga buta. Ta wannan hanya amai da gudawa ke shiga taro.

Fasali a kan yoyon fitsari da waswasi. Dattawa da yawa sun zo mani a asirce a kan wannan, waɗansu har sun bar sahu domin kunya. Istibra'i wajibi ne, wato mutum ya dakata har abin da ya rage ya fita, ya tatsa a hankali, ba da ƙarfi ba. Malamai sun kamanta wurin da hantsa, in ana ta matsa ba ya daina kawowa. Wanda ɗigo ke zubo masa ba da nufinsa ba, in ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, alwalarsa ba ta warware ba, an dai so ya sabunta ta in babu wahala. In bai kai rabi ba tana warwarewa. Abin da ya taɓa tufa kuwa an yi rangwame a kansa in yana zuwa kowace rana ko da sau ɗaya. Ya sa ƙyalle mai tsabta ya riƙa sauyawa, ya zo cikin jama'a. Amma tsohon da fitsari ke yi masa wuyar fita, ko ya ke tashi sau da yawa da dare, ko mai yawan ƙishirwa da rama, ya je a duba shi, kada ya tsaya ga hukuncin fiƙihu kaɗai.

Wani kuma ba shi da yoyo, zato ne kawai. Na san wani almajiri da ya kan shiga makewayi tun kiran salla, ya ƙarar da buta uku, ya fito an sallame, yatsunsa duk cin ruwa, yana ganin wannan tsantseni ne. Na ce masa Annabi da mudu guda ya ke alwala, abin da bai kai lita 1 ba, da sa'i guda ya ke wanka, wato mudu 4, kai wa ka ke so ka fi? Ɓarnar ruwa makaruhi ce ko a bakin kogi, balle a garin da mata ke bin layin rijiya. Hukuncin wanda kokanto ke zo masa kullum ko sau ɗaya shi ne ya yi watsi da shi, ya yi gini a kan tsarkinsa. Na umurce shi ya yayyafa ruwa kaɗan a wandonsa bayan tsarki, in ya ji sanyi ya ce ruwan nan ne, kada ya duba. Na kuma sa aka ba shi ƙaramar buta, na ce da ita kaɗai zai yi tsarki da alwala, in ta ƙare ya fito ko zuciyarsa ta yarda ko ba ta yarda ba. Kwana arba'in ya yi a haka yana kuka da ni, sa'an nan abin ya sake shi, yanzu shi ke zuwa da izari kafin kowa.

Muƙaddamai su ajiye sabulu da butoci a ƙofar zawiya, a shanya tabarmi da buzaye a rana ko sau ɗaya a mako. Wanda ya ji wani abu ga ɗan'uwansa ya ja shi gefe bayan an tashi, su biyu kaɗai, ya faɗa masa da taushin murya, in ya ga rashi ne ya hana shi ya sa hannu a aljihu.

Tammat bi hamdillahi. Allah shi yi daɗin tsira ga Shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, shi yi aminci.